An Koya Wa Baƙin Kamaru Sana'a A Taraba, Saura Jari Da Mai Gida

JALINGO: Tun daga ƙarshen shekarar 2017 Jihar Taraba take karɓar baƙi daga Kamaru, mutanen da yaƙi ya koro daga garuruwansu suka tsallako iyaka, waɗansu da ƙafa ta kan duwatsun Mambila, waɗansu kuwa a kwalekwale ta kogin Donga. Da farko maganar da ake yi a kansu ba ta wuce ta abinci da bargo da magani ba. Amma da shekaru suka tura, yaƙin bai ƙare ba, kuɗin agaji kuma ya soma ja da baya, sai magana ta koma wata dabam, watau yadda za a yi waɗannan bayin Allah su riƙa ci da kansu.

Amsar da hukumomin agaji suka fi bayarwa ita ce a koya musu sana'a da dabarun ƙaramin ciniki. An kuwa koya wa da yawa. Abin da ya kamata a duba shi ne ko koyarwar kaɗai tana iya mai da baƙo mai cin gashin kansa. Mutanen Arewa mazauna Kudu, waɗanda galibinsu da jaka ɗaya suka sauka a Agege ko Sabon Badun ko Bogobiri ta Kalaba, sun fi kowa cancantar yanke hukunci a kan wannan.

MAFARIN ABIN

Rikicin ya tashi ne cikin watan Oktoba na 2016, lokacin da lauyoyi a jihohi biyu na Kamaru masu amfani da Ingilishi suka shiga yajin aiki, malaman makaranta suka bi bayansu a watan Nuwamba. Kukansu shi ne ana turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci waɗanda ba su san tsarinsu ba. Gwamnati ta sa ƙarfi, abu ya ƙazanta, har ran 1 ga watan Oktoba na 2017 'yan aware suka ce sun kafa ƙasarsu mai suna Ambazoniya. Daga nan sai bindiga. Sojoji na ƙone ƙauyuka, 'yan aware na rufe makarantu suna tilasta wa jama'a zaman gida kowace Litinin, abin da mazauna Anacha da Aba ba sa bukatar a yi musu bayaninsa. A Ngarbuh, cikin gundumar Donga-Mantung mai iyaka da Taraba, an kashe mutum 21 ko fiye ran 14 ga watan Fabrairu na 2020, galibinsu yara, daga baya kuma binciken gwamnatin Kamaru da kanta ya amsa cewa da hannun sojojinta.

A watan Nuwamba na 2018 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNHCR, ta ce waɗanda suka shigo Nijeriya sun haura 30,000, kuma huɗu daga cikin kowane biyar mata ne da yara. Cikin 2022 adadin ya wuce 70,000. Sun bazu a jihohin Kuros Riba da Binuwai da Akwa Ibom da Taraba.

A nan akwai wani bambanci da ya shafi maganar sana'a. A Ogoja ta Kuros Riba an keɓe musu matsuguni a Adagom da Ukende, a Binuwai kuma akwai na Ikyogen. A Taraba kuwa ba a yi musu sansani ba. Cikin gari suke zaune tare da jama'a, a ƙananan hukumomin Sardauna da Kurmi da Takum da Ussa, wani a ɗakin haya, wani a gidan dangi, wani a ɗakin da mai unguwa ya ara masa. Wanda ke zaune haka tun ran farko yake bukatar kuɗi a hannu, domin mai ɗaki ba ya karɓar bargo a madadin haya.

Ba kuma baƙi ne na nesa ba. Mambila da Gashaka da kansu cikin Kamaru ta Ingila suke har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu na 1961, sa'ad da yankin arewa ya zaɓi Nijeriya aka sa masa suna Lardin Sardauna, na kudu ya zaɓi Kamaru. Iyakar ta ratsa tsakiyar ƙabilu. Akwai Mambilawa a nan, akwai su a can, kuma Kaka da Kambu da Panso sun daɗe da zama a Gembu da Nguroje tun kafin a yi wannan faɗa. Fataken Hausa su ma sun san hanyar, don ta nan suka riƙa ɗauko goron ƙasar Banso, har sunan Abakwa da ake kiran Bamanda da shi daga zangon Hausawa ya samo asali.

ABIN DA AKE KOYARWA

Hukumar UNHCR ta buɗe ofis a Takum, ta yi aiki da hukumar 'yan gudun hijira ta Gwamnatin Tarayya wadda Dokar Soja mai lamba 52 ta 1989 ta kafa, da hukumar agajin gaggawa ta jiha da ke Jalingo, da ƙungiyoyi irin su JRS ta limaman Katolika. Wajen koyar da sana'a ga baƙin Kamaru a ƙasar nan ƙungiyar Cuso ta ƙasar Kanada da wata ta gida mai suna Mediatrix sun taka rawa.

Darasin kashi biyu ne. Akwai sana'ar hannu, kamar ɗinki da gyaran gashi da haɗa sabulun ruwa da kiwon kaji da na kifi da noman kayan lambu. Sa'an nan akwai ilmin riƙe ciniki: yadda ake rubuta shiga da fita, yadda ake sa wa kaya kuɗi bayan an lissafa kuɗin mota da na dako, da kuma babban darasi, a raba aljihun gida da na kasuwa, kada a ci uwar kuɗi ana zaton riba ce. In an gama akan ba mutum takardar shaida, mai sa'a kuma a haɗa masa da kayan fara aiki, keken ɗinki ko 'yan tsaki ko ɗan kuɗi.

Babu mai hankalin da zai raina wannan. Yarinyar da yaƙi ya raba da makaranta tana aji uku, in ta koyi ɗinki ta sami abin da ba mai ƙwace mata. Amma akwai wani abu da masu tsara darasi sukan manta. Da yawa daga cikin matan da ake zaunar da su a benci ana koya musu ma'anar riba sun shekara goma ko ashirin suna saye da sayarwa a kasuwannin Nkambe da Kumbo da Wum. A can ana kiran irinsu bayam-selam, kuma ba a yi musu wayo a ciniki. Abin da yaƙi ya cinye musu ba ilmi ba ne. Ya cinye rumfa da kaya da gona, ya kuma cinye mutanen da suka san su, waɗanda za su ba su buhu biyu bashi su biya ran kasuwa mai zuwa.

MAI GIDA

Wannan shi ne inda mutumin Arewa mazaunin Kudu zai gane maganar tun kafin a ƙarasa ta. Wa ya taɓa zuwa aji kafin ya fara sayar da albasa a Mile 12? Yaro yakan sauka daga mota ne da sunan wani a bakinsa. Wannan wanin shi ne mai gida. Shi zai ba shi wurin shimfiɗa tabarma, ya ciyar da shi kwanakin farko, ya nuna shi ga Sarkin Hausawa da shugaban 'yan kasuwa, ya ce wannan yarona ne. Shi zai ɗora masa tiren goro ko ya sa shi a bakin tukubar tsire, ya ce je ka sayar, ka kawo uwar kuɗi, riba taka ce. In ɗan sanda ya kama shi, mai gida ne zai je beli. In ya yi ɓarna sau ɗaya a yi masa faɗa, in ya yi ta biyu a rage masa kaya, in ya riƙe amana shekara uku a bar shi ya tsaya da ƙafarsa.

Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kan unguwar cikin 1969. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi ba tare da takarda ko banki ba, domin mai gida ya tsaya wa fatake, in mahauci ya ƙi biya shi zai biya daga aljihunsa. Amanar nan ita ce ainihin jarin, kuɗi bayanta suke bi. Ibo ma haka suke yi da yaran shagonsu, yaro ya yi shekaru yana hidima, ran sallama ubangidansa ya kama masa shago ya zuba masa kaya.

To, mai neman mafaka shi ne mutumin da ba shi da mai gida. Hukumar agaji takan ba shi darasi da takarda, amma ba ta iya tsaya masa a gaban dillali. Ma'aikacinta yana da wa'adi, in kuɗin shirin ya ƙare ya tattara ya tafi. Waɗanda aka ƙone wa rumfuna a kasuwar Shasha ta Badun cikin watan Fabrairu na 2021 sun ɗanɗani wani abu mai kama da wannan, sai dai su suna da garin komawa, da 'yan'uwan da za su sake haɗa musu kaya.

Binciken masana bai saɓa wa wannan ba. A Lome ta ƙasar Togo an gwada abin a kan ƙananan 'yan kasuwa 1,500 da aka raba kashi uku, aka buga sakamakon cikin 2017. Waɗanda aka koya wa darasin da aka saba, na lissafi da talla, ribarsu ba ta ƙaru yadda za a iya rantsewa a kai ba. Waɗanda aka horar a kan himma da neman sabuwar hanya da jure faɗuwa, tasu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a tsawon shekara biyu. Wani binciken da aka buga cikin 2015 ya bi gidaje fiye da 10,000 na matalauta a ƙasashe shida, ciki har da Gana da Habasha, inda aka bi tsarin da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta ƙirƙiro. A wannan tsari ba darasi kaɗai ake bayarwa ba. Ana ba mutum abin juyawa kamar awaki, a ba shi abinci ko kuɗin cefane na ɗan lokaci don kada yunwa ta sa ya sayar da su, a sa shi ajiya, sa'an nan wani ya riƙa leƙa shi a kai a kai har wajen shekara biyu. Aka tarar galibi ci gaban ya ɗore bayan an janye hannu. Inda abin ya fi ba da kunya shi ne Honduras, don kaji aka raba a can, cuta ta shiga ta kashe su. In aka duba da kyau, ai aikin mai gida ne aka rubuta a takarda aka ba ma'aikaci. Hausawa sun riga sun faɗa, da ruwan ciki akan ja na rijiya.

LISSAFIN DA BA YA FITA

Ko an sami jarin, riƙe shi a waɗannan shekaru sai mai ƙarfin hali. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya sa kuɗi ya ɓace daga hannun jama'a, wanda ya fi shan wuya kuwa shi ne mai ƙaramin ciniki da ba shi da asusu a banki. Ran 29 ga watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi sama. Cikin 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. A ce an ba wata mata N100,000 a farkon irin wannan shekara ta sa a cinikin manja. In ba ta ci ko kwabo daga ciki ba, ta kuma fita ba riba ba faɗuwa, a ƙarshen shekara kuɗin nan ba zai saya mata fiye da abin da N75,000 ke saya da farko ba. Jarkokinta sun ragu alhali littafinta yana nuna ba ta yi hasara ba. Wannan darasi ne da ya kamata a sa a gaba, a koya wa mutum ƙidaya jarinsa da jarka da mudu, ba da Naira ba.

Sai hanya. Daga Jalingo zuwa Gembu sai an bi ta Garba Chede da Bali da Serti, a hau dutse daga Mayo Selbe, a ratsa Maisamari da Nguroje, tafiyar da ke cin mafi yawan yini. Can sama, wajen ƙafa 5,000 daga teku, akwai dankalin Turawa da fiya da ayaba da zuma da ganyen shayin Kakara. Ƙasar Kurmi kuwa, wadda sunanta ya dace da ita, tana da koko da manja. Kayan nan suna da daraja a Ikko da Fatakwal, amma wanda ya noma su ba shi ke cin ribar ba, mai mota da dillali ne. Da gadar Namnai ta karye a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari cikin watan Agusta na 2024, kuɗin jigila ya sake ƙaruwa a kan kowa, baƙo da ɗan gari.

Ga kuma shinge. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira tun 1967, yarjejeniyar da ta tanadi a bar su su yi aiki su kuma kafa sana'ar kansu. Gwamnatin Tarayya ta karɓi baƙin Kamaru, ana yi musu rajista ana ba su katin shaida. Amma mai neman mafaka, watau wanda ya shigo bai kai ga samun cikakkiyar takarda ba, yana cikin tsaka mai wuya, ga shi Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka ba shi da 'yancin zirga-zirga irin na mutumin Gana ko Togo. Mace mai tsoron shingen 'yan sanda ba za ta kai kayanta babbar kasuwa ba. A ƙofar gida za ta sayar, a kan kuɗin da mai saye ya ga dama. Harin da aka kai ƙauyen Manga na ƙasar Takum cikin watan Nuwamba na 2021, wanda aka ɗora wa 'yan awaren Kamaru, aka kashe mutane har da dagacin garin, ya ƙara sa ana yi wa duk mai harshen can kallon tuhuma, alhali shi ma daga irin waɗannan mutane ya gudo.

Akwai kuma wani kuskure da ake yawan maimaitawa, ba a Taraba kaɗai ba. A tara mata talatin a ƙauye ɗaya a koya musu duka haɗa sabulun ruwa. Wa zai saya? Ƙauyen da tela biyu suka ishe shi, in aka yaye masa goma, sai a wayi gari ana sayar da kekunan a kasuwa rabin kuɗi.

AKWATI MAI KWAƊO UKU

Abin da ya fi kama da mai gida cikin duk shirye-shiryen nan shi ne ƙungiyar ajiya da rance. Asalinta kuwa ƙasar Hausa ne. Cikin 1991 ƙungiyar CARE ta fara ta a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar da sunan Mata Masu Dubara, ta ɗora ta a kan adashin da mata suka saba, daga nan ta bazu a Afirka da wajenta. Mata kamar 15 zuwa 30 sukan haɗu mako-mako, kowa ta zuba abin da ta iya cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta ta juya ta mayar, akwai kuma ɗan asusun gefe na rashin lafiya da rasuwa. In shekara ta zagayo a fasa a raba. Bambancinsa da adashi shi ne ba sai an jira kwasa ta zo kan mutum ba.

Mutanen Bamanda ba sa bukatar a lallashe su a kan wannan, don suna da nasu mai suna njangi, kusan kowane baligi yana cikin ɗaya ko biyu. Amfanin ya fi yawa in aka gauraya baƙi da 'yan gari cikin akwati ɗaya. Matar Takum da ta ga baƙuwa ta biya rance sau uku ba ta saɓa ba, ita ce gobe za ta ce wa mijinta mai shago ya ba ta kaya bashi. Gaurayawar tana kuma kashe wata wuta, domin ɗan garin da ya ba da ɗaki da gona, shi ma talaka ne, in ya ga ana raba wa baƙo keke shi ko allura, zuciyarsa ba za ta yi daɗi ba.

RABON JALINGO

Lokaci ba ya jira. Bayan da Amurka ta datse kuɗin agajin da take bayarwa a farkon 2025, hukumar UNHCR ta ba da sanarwa cikin watan Yuni na shekarar cewa za ta soke guraben aiki wajen 3,500 a duniya. Nauyin da take saukewa a kan jiha zai faɗo.

Jalingo ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Tun da ta zama hedkwatar jiha ran 27 ga watan Agusta na 1991 take karɓar masu gudu, na rikicin Wukari, da na Michika da Madagali da Mubi lokacin da Boko Haram ta ci garuruwansu cikin 2014. Da yawa daga cikin waɗannan ba hukuma ce ta tsayar da su ba, wani ne a kasuwa ya matsa ya ba su gefen rumfa. A garin akwai ofishin hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda tun 1987 take da shirin kai matasa wurin masu sana'a su koya a bakin aiki, akwai kuma na SMEDAN mai kula da ƙananan masana'antu. Babu abin da zai hana a shigar da baƙin da ke da katin rajista cikin irin waɗannan, a biya tela ko makaniken Gembu ladan koyarwa, maimakon a ɗauko malami daga nesa ya yi kwana biyar a zauren taro ya koma.

Wani rabon kuma yana hannun 'yan kasuwa. Ƙungiyoyin masu dankali da manja da hatsi na Jalingo da Takum su ne ke ba da rumfa, su ne ke cewa wane a ba shi kaya, wane a dakata. Haka nan dillalan Mile 12 da Bodija waɗanda motocin Taraba ke sauke wa kaya. Ƙungiyar mata ashirin a Nguroje, rabi baƙi rabi 'yan gari, tana iya tara buhunan da za su cika gefen mota, in akwai wanda ya san su a ɗaya ƙarshen hanyar da zai karɓa ya sayar, ya cire la'adarsa, ya aiko musu da sauran.